Ranar da Malam Ya Nemi Ƙarin Koko

Kwanan baya ina tsinkar zogale a tsakar gida, rediyo na gefena, na ji ana ta musu a kan manyan da ake zaɓa, tun daga can ƙoli. Wai ko ya dace mutum yana kan kujera, yana kuma riƙe da kamfani da harkar kasuwanci. Wani ya ce a tilasta musu bayyana abin da suka mallaka. Wani ya ce a'a, su damƙa dukiyar a hannun amintacce, su kau da kai har su sauka. Can sai wata mata ta bugo waya ta ce, “To matansu fa?” Na ajiye farantin na yi ta dariya ni kaɗai, har jikata ta leƙo tana tambaya ko lafiya. Lafiya lau. An dai taɓa gwada amsar wannan tambayar a kaina ne, kuma ban ji da daɗi ba.

Mijina, Allah ya ji ƙansa, ya taɓa zama ciyaman na ƙaramar hukumarmu, a shekarun nan da fari ya biyo fari, kuɗi kuma suka lalace a hannun mutane. Malam nake ce masa har ya koma ga Allah. Asalinsa malamin firamare ne, shi ya koya mini wannan rubutun da kuke karantawa, a kan tabarma, da guntun fensir. Da albashi ya daina isa, sai ya kama rumfar awo a kasuwarmu mai ci ran Laraba, yana sayen gero da dawa yana aunarwa tiya-tiya. Ba wani ɗan kasuwar kirki ba ne. Mutum ne da in ya cika tiya sai ya ƙara tafi guda a kai, sannan ya dawo gida yana mamakin inda riba ta shiga. Ni dai a ganina wannan tafin ne ya ci masa zaɓe.

Ana saura kwana uku a rantsar da shi ya sayar da rumfar. Ƙaninsa ya yi ta zarya yana so, ya hana shi, ya sayar wa wani mutumin ƙauyen gaba da ba su haɗa komai ba. Jakunansa biyu masu kai itace birni su dawo da taki, su ma ya rabu da su. Sannan ya zauna ya rubuta duk abin da ya mallaka a takarda, ya kai wa liman ya ce a karanta bayan sallar Juma'a. Gida ɗaya na gado, gona ɗaya, tumaki huɗu, rediyo, keke. A gaban keken ya rubuta “ba sarƙa”. Matan gari sun yi mako guda suna yi mini tsiya da keken nan, duk wadda ta shigo sai ta tambaye ni ko an samo sarƙar.

A ranar da la'asar ya shigo ɗakina da takardar a hannu, ya zauna a bakin gado, ya yi ta gyaran murya. Na san inda za shi, na ƙyale shi ya ɗan wahala.

“Baiwar Allah,” ya ce. Haka yake kirana in yana neman wani abu. “Wannan geron naki da ke ɗakin baya.”

“Me ya yi maka?”

“Bai yi mini komai ba. Amma kin san dole hukuma ta sa hannu a harkar hatsi bana. Da kin sayar yanzu, kin huta, ni ma na huta.”

“Malam, ni aka zaɓa?”

“A'a.”

“Hotona aka liƙa a jikin bishiyoyi?”

Ya ce a'a. Na ce to a bar mini gerona.

Wanda bai tashi a irin gidajenmu ba zai ɗauka aljihun miji da na mata ɗaya ne. Ba haka abin yake ba. Abin mace nata ne, addini ya ba ta, al'ada ma ba ta yi gardama ba. Tun ina amarya nake soya ƙuli-ƙuli ina fitar da man gyaɗa, kuma man da nake zubawa a miyar Malam saye yake yi a wurina, kwalba-kwalba, a kan yadda ake sayarwa a gari. Ran da ya manta bai biya ba, ya sha miya ba mai, ba kuma wanda ya ga laifina. Geron nan buhu ashirin ne. Awakina na sayar da kakar da ta wuce, na haɗa da tasoshin da na gada wurin mahaifiyata, na saye shi tun yana da sauƙi. Kuma ba don ado na tara shi ba. Gonar Baba nake so in saya.

Mahaifina ya rasu ya bar gona guda, mu shida. A yankinmu babu daji, gona na jingine da gona tun daga bayan gidanka har bayan gidan mutumin ƙauyen gaba, wanda ya rasa tasa kuma ya rasa ke nan. In aka raba ta Baba gida shida, ba wanda zai sami abin kirki. Shi ya sa Yaya, babban wanmu, yake noma ta yana raba mana amfanin. Da yunwa ta matso, 'yan'uwa suka ce a sayar a raba kuɗin, wani Alhaji daga birni kuma ya taya. Na aika aka kira mini Yaya, na ce kada ya bari gonar nan ta bar gidanmu, ni zan saya. A cikinta na koyi tafiya, a cikinta Baba ya koya mini zuba iri da binnewa da dunduniya. Yaya ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce, “Na ba ki zuwa ruwan farko. In kin kawo abin da Alhaji ya taya, a cire rabonki, gona taki ce. In ruwa ya sauka ba ki kawo ba, kada ki ga laifina. Baki goma sha ɗaya gare ni a gida.”

Malam ya san duk wannan. Ya kuma san in na sayar da geron a lokacin, ko rabin kuɗin ba zai kai ba, sai bazara ta yi nisa hatsi ya ƙara tashi. Ya ninke takardarsa ya sa a aljihu.

“Shi ke nan,” ya ce. “Ba ni da ikon hana ki. Amma daga ranar da na ɗora hannu a kan Alƙur'ani, maganar hatsi ta ƙare tsakanina da ke. Kada ki tambaye ni. In kin tambaya, ba zan amsa ba.”

Na ce, “Yo wa ya ce ina neman shawarar wanda ke ƙara tafi a kan tiya?” Ya yi dariya, na yi. A lokacin abin wasa ne a wurina.

Ba na son tuna waccan bazarar. Maza sun tafi cin rani tun kafin a gama sussuka, don abin sussukar ma bai taka kara ya karya ba. Mata na tankaɗe dusa su yi tuwo da ita, wasu su dafa ganye su ɗan barbaɗa ƙuli-ƙuli a kai a ce an ci abinci. Akuyar da a da za ta sayi buhu, sai ta koma 'yan tiyoyi. Ni kuwa ina da buhu ashirin a ɗakin baya, a kulle, makulli a bakin zanena. Ba zan wanke kaina ba. Na ciyar da maƙwabta, ba wadda ta shigo da kwano ta fita da shi wayam. Amma duk yammacin Laraba in dillaliyata ta dawo ta ce mini gero ya ƙara kuɗi, raina fari yake yi, alhali na san wannan ƙarin shi ne kukan wata a gidanta. Na sani a lokacin, ba sai yanzu da na tsufa ba.

Dillaliyar nan tsohuwa ce, Inna muke ce mata, ita ke shiga gida-gida ta karɓi kayan mata ta kai kasuwa. Ita ta fara kawo mini jita-jitar cewa gwamnati za ta turo masara, tirela-tirela, a sayar wa mutane da araha. Duk mai hatsi a ajiye ya san ma'anar wannan. Ranar da motocin suka shigo, gero zai faɗo ƙasa warwas. Wanda ya sayar kafin ranar ya tsira, wanda ya makara ya shiga uku. Kuma mutum ɗaya ne a duk yankin zai san ranar kafin kowa, shi ne wanda nake wanke wa hula.

Nan gidana ya koma kasuwa. Matan 'yan hatsi da ban taɓa gani ba suka fara zuwa gaishe ni, wannan da turare, waccan da sabulu, har da wata daga wajen Gezawa da ta zo da atamfa ta ce wai mun haɗa kaka. Sai an sha ruwa an gaisa an tambayi yara, sannan a sassauta murya.

“Maman yara, mai gidan bai ce komai ba? Ko da alama?”

“Wallahi bai ce ba.”

“Haba dai. Ai mun san ku.”

Ba wadda ta yarda. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan, ana yi mini kallon mai sani alhali na fi kowa duhu. Malam kuwa duk abin da aka kawo sai ya sa an mayar, har sabulun da na riga na fara wanka da shi ya sa aka sayi sabo aka kai.

To ni ma na gwada sa'ata, ba zan ɓoye ba. Na yi masa dambu da zogale da mai har yana ƙyalli, na zauna ina yi masa fifita, na ce wai na ji ana share siton makarantar firamare, ko baƙi za a yi? Ya ce, “Dambun nan ya yi daɗi.” Wata rana na ce na yi mafarki na ga manyan motoci a hanya. Ya ce in yi sadaka. Na ce masa ba rana nake tambaya ba, ya gaya mini kawai, wannan watan ko na gobe? Ya ɗauki rediyonsa ya kara a kunne, rediyon da na san batirinsa ya mutu tun shekaranjiya.

Matsalar Malam ita ce fuskarsa ba ta iya ɓoye komai. Shekara ashirin da wani abu ina karanta ta. In ya ci bashi na sani, in ya yi faɗa da hedimasta na sani tun daga sallamarsa. Shi ma ya san haka, sai ya koma cin abinci yana fuskantar bango kamar yaron da aka yi wa horo. Amma a gaskiya a watannin nan ba abin da zan karanta sai damuwa. Kullum in ya isa sakatariya yana tarar da tsofaffi a zaune a bakin ƙofa, ba sa cewa komai, kallonsa kawai suke yi. Abinci ya daina wuce masa. In na kai masa koko da safe, ludayi biyu zai sha ya ture kwanon ya ce ya ƙoshi. Ya rame, babbar rigarsa ta yi masa yawa, wuyansa ya fito. Mutane na cewa ba su taɓa ganin wanda ya hau kujera ya rame ba sai shi. Ina jin tausayinsa, ina kuma jin haushinsa, duk a lokaci guda.

Bazara ta yi nisa, hadari ya fara haɗuwa ta gabas yana watsewa. Ni da Inna muka auna, muka ga in gero ya ƙara tashi kasuwa biyu nan gaba, kuɗin gona zai cika cif. In na sayar a lokacin kuwa, sai na haɗa da 'yan kunnena da ɗan abin da ya rage, in kuma roƙi Yaya ya ɗaga mini ƙafa a kan ragowar. Na yanke shawara in jira kasuwa biyun. Ran Lahadi muka yi wannan maganar a tsakar gida, Malam na alwala a gefe. Washegari aka kira shi birni, bai dawo ba sai Talata da magariba, ya yi salla ya kwanta bai ce komai ba.

Laraba da safe na dama koko na kai masa ƙofar ɗakinsa. Ya juya ya fuskanci bango kamar kullum. Na koma bakin murhu ina jiran in zo in ɗauke kwano da saura. Sai na ji ƙarar ludayi na kankarar gindin kwano. Na waiga. Malam ya shanye kokon nan tas, ya sa yatsa ya suɗe gefe, ya juyo gaba ɗaya ya miƙo mini kwanon, fuskarsa a sake kamar ta ango.

“Da saura?” ya ce.

Wata huɗu rabon mutumin nan da ya gama kwanon koko. Abu ɗaya ne kaɗai zai buɗe masa ciki haka. An ba shi ranar zuwan masara, kuma ranar ta kusa.

Na karɓi kwanon na cika masa. Na zagaya bayan ɗaki na leƙa ta katanga na kira maƙwabciyata, na ce don Allah ta aika a ce wa Inna ta zo yanzu-yanzun nan, ta taho da masu jakai. Na ɗauka a hankali na yi maganar. Ashe muryata ba ta san hankali ba, duk garin nan an shaide ni da haka. Da na dawo tsakar gida na tarar ya ajiye ludayi, kokon na biyu ko taɓa shi bai yi ba.

“Yau za ki fitar?” ya ce.

“Gerona ne.”

“Ran Lahadi na ji kina ce wa Inna sai kasuwa biyu nan gaba.”

“Na sake shawara. Haramun ne?”

Ya dubi kwanon da ke gabansa, ya daɗe yana kallonsa. Na ga annurin nan ya bar fuskarsa a hankali.

“Ni na gaya miki ke nan,” ya ce.

“Ba ka ce uffan ba, Malam. Kokonka ka sha. Ko liman aka kira ya rantsar da kai, ba ka faɗa mini komai ba.”

“Wa zai saya?”

Na kau da kai.

“'Yan awo ne za su saya,” ya ce. “Masu rumfa ɗaya irin tawa ta da. Mutumin da na sayar wa rumfata ma yana ciki. Za su zuba duk jarinsu yau a kan geronki, nan da 'yan kwanaki ya koma rabi a hannunsu. Da me za su tashi?”

Na san gaskiya ya faɗa, kuma ban damu ba. Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa durƙusa masa ina roƙon abin duniya ba, amma ranar na durƙusa, gwiwa biyu, a kan turɓaya.

“Malam, gonar Baba ce. Rabin wuni kawai nake nema. Ka sa hularka ka tafi ofis, ka yi kamar ba ka ji ba. Ban taɓa roƙonka komai ba tun da ka hau kujerar nan. Sabulu ma ka ƙwace.”

Idanunsa suka kaɗa suka yi ja. Sannan ya miƙe tsaye.

“Na ce ba zan hana ki fitar da geronki ba, kuma ba zan hana ba. Amma ba za a ci kasuwar yau ke kaɗai kika sani ba.”

Ya ɗauki hularsa ya fita, ko takalmi bai gama sawa daidai ba. Ban fahimci abin da yake nufi ba sai da hantsi ya fito. Masu jakai na cikin ɗora buhuna a ƙofar gida muka jiyo mai shela, ya taso daga ƙofar dagaci yana bin lungu-lungu ya nufi kasuwa. Yana cewa jama'a a saurara, ciyaman na gaishe ku, ya ce a faɗa wa kowa da kowa, mai saye da mai sayarwa, masarar gwamnati na kan hanya, cikin makon nan za ta iso, kuma za a sayar da araha. Na ji guɗa ta tashi daga gidan maƙwabta, wani gidan ya karɓa, wani ya karɓa, har ƙarshen gari. Ni kuwa na zauna daɓas a bakin turmi, na rasa ko hawaye.

Kafin azahar duk wanda ya ɓoye hatsi ya fito da shi. Ashe ba ni kaɗai ba ce, ashe garin cike yake da ɗakunan baya. Da la'asar Inna ta dawo da jakai da fiye da rabin buhunan, ta zauna tana fifita da bakin mayafi.

“'Yar nan, ba a taya abin kirki ba. Na sayar da shida don kada a dawo da kunya. Mijin nan naki, Allah ya shirye shi.” Sannan ta ƙara da cewa, “Amma dai yau na ga tsofaffi na awon gero suna dariya.”

Daga baya na ji cewa a birni an ja masa kunne kada ya faɗa wa kowa sai motoci sun shigo, don an sha yin alkawari ba a cika ba. An kira shi an yi masa faɗa sosai a kan shelar. Motocin ma ba su iso cikin makon ba, sai da suka ƙara kwana uku, har an fara cewa ciyaman maƙaryaci ne, wasu matasa sun jefi motar ofis da dutse. Duk ban tausaya masa ba. Da masarar ta zo, jajir da ita, tuwonta ko daɗi babu, amma mutane sun ci sun rayu.

Ni dai na ɗauke masa wuta. Ina dafa abinci ina kai masa, in ya yi sallama ina amsawa, don kada in ɗauki zunubin gaba. Bayan wannan ko kallo bai ishe ni ba. Na ƙara masa kuɗin kwalbar mai, shi kaɗai a duk garin, ya biya bai ce komai ba. Wata rana ya tsaya a ƙofar ɗakina ya ce in ina so, ya ba ni gonarsa ta gado, halak malak, a kira shaidu. Na ce masa ba gona na rasa ba, gonar ubana na rasa, ya riƙe tasa. Ya juya ya tafi.

Ruwan farko ya sauka wata Alhamis da rana tsaka, mai ƙarfi, yara na ta tsalle a cikinsa. Washegari Yaya ya zo. Bai iya haɗa ido da ni ba, ni ma ban wahalar da shi ba. Na ce ya je ya sayar, Allah ya sa albarka, ya ciyar da iyalinsa. Bayan kwana biyu ya aiko mini da rabona a ƙulle a hankici. Na jefa shi cikin kwalla ban ko kwance ba. Ranar ce na yi kukan da na kasa yi ran kasuwa, har sai da muryata ta dushe.

An yi kamar mako uku, shuka ta fito ta yi kore, ina tsakar gida ina ɓarar gyaɗa da yamma, sai ga Malam ya shigo. Ya tattaro gaban babbar rigarsa ya cika ta da wani abu kamar mai tallan ganye, rigar ofis fa, wadda na sha wahalar bugu. Ya zo gabana ya zazzage a kan tabarma. Ɗanyen ganyen kuka ne, sabon toho.

“Wannan fa?” na ce. Ita ce magana ta farko da na fara yi masa da kaina.

“Daga kukar gonar Baba.”

“Sata ka koma yi?”

“Taki ce.”

Akwai wata tsohuwar kuka a kusurwar gonar ta yamma, a gindinta Baba ke hutawa in rana ta take. A wajenmu bishiya na iya zama ta wani, ƙasar da take kai ta wani, kowa ya san haka, kuma mai bishiya na da hanyar zuwa wurin abinsa. Ashe tun ranar da aka yi ciniki Malam ke bin Alhajin nan ya sayar masa da kukar. Alhaji da ya ji ciyaman ne, sai ya ce haba ranka ya daɗe, ai kyauta ce, har da ɗorawar da ke kusa in yana so. Malam ya ce sam. Ya kira mai unguwa da dattawa biyu su yi mata kuɗi a gaban jama'a, da suka faɗa kuma ya ƙara a kai, don kada gobe a ce an yi wa ciyaman ragi. Daga albashinsa ya biya, aka rubuta takarda da sunana. Ya ciro ta daga aljihu ya ajiye a gefen ganyen.

“Nawa ka biya?”

Ya faɗa.

“An cuce ka, Malam.”

“Na sani.”

Na ja ganyen gabana na fara tsinkewa don in sami abin da zan yi da hannuna. Ya zauna a bakin tabarmar, can nesa kaɗan, kamar baƙo. Ban fasa jin zafin gonar ba, har yau da nake wannan rubutu ban fasa ba, in na wuce ta wurin kau da kai nake yi. Amma na dubi mutumin nan da wuyansa ya fito, rigarsa duk kore-koren ganye, na ji duk duniya ba wanda nake so kamarsa, na kuma ji haushin hakan.

“Ka san dai,” na ce, “da ka ba ni rabin wunin nan, da na sayar. Ko a jikina.”

“Na sani.”

“Kai kuma ko gezau. Ina durƙushe a gabanka ka sa hula ka fice.”

Ya ɗauki ganye ɗaya yana juya shi a hannu.

“Baiwar Allah, ba ki ga ko takalmi ban tsaya sawa ba? Gudu na yi. Wallahi da na ƙara minti ɗaya ina kallonki a ƙasa, da na ba ki.”